Garrett Hulsizer da Kusurwar Tamfol

Ba na ƙaunar Garrett Hulsizer, shi ma ya sani. Kullum da safe sai ya bi ta gaban tagar ofishin tikiti ya ce, "Ina kwana, Noreen," in ce, "Lafiya," shi ke nan mun gama hirar ranar. Shi ne janar manajan Tolliver Bricks, ƙaramar ƙungiyar besbol ta garinmu. Ni kuma Noreen Kowalczyk, ina sayar da tikiti a filin nan tun yana wasan ƙasa. Yadda ya ƙwallafa rai a kan kujerar da yake kai, da abin da ya taka kafin ya hau ta, duk a kan idona aka yi. Shi ya sa in ya tashi ba sababbin ma'aikata tarihinsa, fita nake in ba shi wuri.

Daga wani ƙauyen Iowa ya zo mana, yana da shekara ashirin da biyu, da digiri kan harkar wasanni da wata tsohuwar mota mai tari. Ubansa irin masara yake bi gona-gona yana tallata wa manoma, ɗan kuwa ya gaji zaƙin baki, ya gaji yaƙe. Lyle Brandvold, janar manajanmu na lokacin, shi ya tsinto shi a taron hunturu, inda samari ke jeruwa cikin kwat na aro suna roƙon a ɗauke su koyon aiki ko da kyauta ne.

Ranar da ya fara, ya shigo da baƙin takalmi yana sheƙi. Lyle ya dubi takalmin, ya dube ni, ya ce masa, "Yaro, ina na tamfol?"

"Na me, Oga?"

"Noreen, nuna masa naki."

Na sa ƙafa na turo masa nawa daga ƙarƙashin tebur. Kambas ne da ya taɓa zama fari, ya sha jar laka har ya ƙandare, warinsa kuwa ba a magana. Garrett ya ja da baya yana toshe hanci.

Lyle ya ce, "Kafin Juma'a ka samo irinsa. Wancan na ƙafarka ka ajiye wa ranar aurenka."

Ƙungiya irin tamu ba ta da rundunar masu kula da fili. Duane Tibbets ne da mataimakansa biyu, su kuwa ko gefen tamfol ba za su iya ɗagawa ba, don faɗinsa ya rufe dukkan jar ƙasar tsakiyar fili, in ya sha ruwa kuma ya fi mota nauyi. Saboda haka da zarar hadari ya taso aka ji "Tamfol!" a oba-oba, kowa ajiye abin hannunsa yake, daga akawu da mai tikiti da masu neman talla har mai sanarwa a lasifika. A zura ruɓaɓɓen takalmi, a warware tamfol daga jikin bututunsa, a jeru kowa ya kama mariƙi, a sheƙa da gudu. In aka makara ƙasa ta jiƙe, babu wasa ranar, sai a sallami jama'a da ban haƙuri.

A Tolliver kuma muna da tamu al'adar. Kusurwar gaba, ta ɓangaren da iska ke bugowa daga kogi, wadda ta fi nisan gudu ta kuma fi fizgar kafaɗa, ta janar manaja ce. Ba a rubuce take ba, gado ne. Lyle ya karɓe ta daga wanda ya gabace shi, kuma ba shi da abin alfahari kamarta. Duk walimar ƙarshen kakar wasa, in ya ɗan kora giya, sai ya bugi tebur ya ce, "Ranar da kuka ga na kasa riƙe kusurwar nan, ku karɓe makullin ofis ku kora ni gida." Mu yi dariya mu tafa masa. Garrett ma yana tafawa, amma shi ajiye maganar yake yi.

A jan Garrett na farko iska ta shiga ƙarƙashin tamfol, ya yi tuntuɓe, abin ya bi ta kansa ya haɗiye shi. Lyle ne ya kama ƙafarsa ya janyo shi waje kamar ɗan maraƙi, ya buga masa baya ya ce, "Yanzu ka zama namu." Da yamma ya kai shi gidansa, matarsa ta cika masa ciki da nama da dankali. Ina faɗin wannan ne don a san wane ne Lyle a wurinsa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki kamar jaki. Shekararsa ta farko a ɗakin ajiya yake kwana, tsakanin kwalayen huluna. Ya sa rigar Bricky, bulon nan mai ido da ke yi wa yara rawa, cikin zafin Yuli, har ya yi amai a cikinta ya ci gaba da rawar. Ya naɗe wa 'yan kallo burodin hot dog, ya buɗe toshewar bayi, ya bi shago-shago har ya cika katangar bayan fili da allunan talla. Sai dai komai na Garrett a inda za a gani yake yinsa. Ya san sunayen 'ya'yan duk wani mai shago da ke ba mu talla, har da na karnukansu, amma Bernice da ke share masa ofis ya yi shekaru yana kiranta Beatrice. Ni na kawo shawarar ranar da kowa zai zo kallon wasa da karensa, a kicin na faɗa muna shan kofi. Sati na zagayowa na ji ta a taro daga bakinsa, har da hotuna a allo.

Na ce, "Garrett, wannan shawarar kamar na san uwarta."

Ya ce, "Haba Noreen, ai duk ƙungiya ɗaya muke."

Ƙungiya ɗaya ce, amma sunansa kaɗai jarida ta buga.

Kafin ya cika talatin ya zama mataimakin janar manaja. Saura mataki ɗaya ke nan, Lyle kuma yana zaune a kai daram. A sana'ar nan mai son ci gaba ba ya zama wuri ɗaya, yau yana nan, baɗi ya ɗaura katifa a kan mota ya nufi wata jiha. Garrett ya samu kira daga wata ƙungiya a Carolina, ya samu daga Montana. Duk lokacin da ya kai wa Lyle maganar, sai tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ina za ka, yaro? Shekara biyu suka rage mini. Kujerar nan taka ce." Garrett ya zauna. Shekara biyun Lyle kuwa ba ta ƙarewa, kowace kaka sabuwa take komawa. Ina son Lyle, shi ya riƙe mini aikina lokacin da mijina ya kwanta jinya, amma a nan ya zalunci yaron, kuma na sha gaya masa ido da ido.

A tsakiyar jiran nan Garrett ya auri Tessa, wata nas mai haƙuri. Auren bai yi ƙarko ba. Daga Afrilu zuwa Satumba ba ta ganinsa sai yana barci, ranar da aka yi wa mahaifiyarta aiki kuwa yana nan yana jan tamfol. Da ta kwashe kayanta, ta biyo ta tagata ta ajiye makullin gida ta ce, "Noreen, ki ba shi. In na shiga ciki cewa zai yi in jira a tashi wasa." Na kai masa. Ya jefa a aljihu, ya tambaye ni yadda tikitin Asabar ke tafiya. Tun ranar na gane mutumin nan ba abin da ya rage masa a duniya sai kujerar.

Bangon ofisoshinmu na katako ne, ko tari ka yi an ji. Wata rana bayan an rufe kaka na ji Garrett da Lyle.

"Oga, bara ka ce bana."

"Cewa na yi za mu gani."

"Ba haka ka ce ba. Na bar Carolina saboda kai. Na bar Montana. Matata ta tafi."

"Ni na kore ta? Kai yaro, kada ka shafa mini kashin kaji."

"Shekarata talatin da takwas. Ka daina ce mini yaro."

"In ka daina kuka zan daina. Ja mini ƙofa."

Ya ja ta, har hoton da ke bangona ya karkace.

A hunturun nan ne Lyle ya dafe ƙirji a bakin injin kofi ya sulale ƙasa. Janairu ne, daga ni sai Garrett a ofis. Garrett ya kinkime shi ya sa a mota ya kai asibiti, kuma ya kyauta, ba zan hana shi wannan ba. Likitoci suka yi masa aiki a jijiyar zuciya, suka ce ban da ɗaukar nauyi, ban da gudu, ban da wahala cikin zafi. Yana kwance da roba a hanci ya sa muka yi masa alƙawarin Mista Ashcroft ba zai ji ba. Prescott Ashcroft shi ne mai ƙungiyar, dillalin motoci ne da ke zaune a Florida, yakan leƙo mu jefi-jefi ya ci hot dog ya yi faɗa ya koma. Garrett ya riƙe hannun tsohon ya ce, "Daga bakina ba zai ji ba, Oga." Ya kuwa cika alƙawari, daga bakinsa bai ji ba.

Da aka buɗe kaka muka yi dabara. In an kira tamfol sai Duane ya sa ƙarfafa biyu kusa da Lyle su ɗauke nauyin, shi ya riƙe kusurwarsa ya yi sassarfa. Da haka ja ɗaya a rana ba ya gagararsa. Kiran tamfol kuwa a hannun Garrett yake, don mataimaki ne ke duba taswirar hadari a waya, kuma kafin a fara wasa ƙungiyar gida ce ke da wuƙa da nama, alƙalan wasa ba ruwansu.

Wata Lahadi cikin Agusta Mista Ashcroft ya sauka. Zafi ranar kamar cikin tukunya, iska ta tsaya cik, gajimare na yawo ta yamma. An buɗe ƙofa, mutane sun fara shigowa, Ashcroft yana zaune a layin gaba da malafa da kofin giya. Sai oba-oba ta ce, "Tamfol!" Muka fita muka ja. Lyle ya isa da haki, amma ya isa. Aka yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kashe ba, rana ta buɗe. In rana ta bugi tamfol dafa ciyawar da ke ƙarƙashinsa yake, don haka dole a cire. Muka ja shi baya, muka ninke, muka naɗe a bututu, aikin da ya fi shimfiɗawar wuya. Ba mu gama shan ruwa ba aka sake kira.

A ja na biyu fuskar Lyle ta koma kamar toka. Na ce masa, "Lyle, don Allah je ka zauna."

Ya ce, "Ashcroft na kallo. Ki yi mini shiru."

Wannan karon ko ɗigo bai sauka ba. Muka sake naɗewa.

Na gangara rumfar 'yan wasa neman tawul, sai ga Garrett tsaye shi kaɗai da waya a hannu. Na leƙa ta bayansa. Ba sai ka yi karatun yanayi ba, jan tabon hadarin ya riga ya wuce arewa da mu, bayansa fes, babu komai. Ya waiwayo ya ga na gani. Muka kalli juna. Ya ɗaga oba-oba a hankali, idonsa cikin nawa, ya ce, "Tamfol."

Na ce, "Garrett, kashe shi za ka yi."

Ya ce, "Ba ni na ce ya fito ba. Ofis a buɗe yake, ya je ya zauna."

Ya san ba zai zauna ba. Duk walimar da Lyle ya bugi tebur, Garrett yana wurin.

Na ruga in tare tsohon, amma ya riga ya kama mariƙi. A tsakiyar fili ƙafarsa ta lanƙwashe, ya durƙusa, kusurwar ta kuɓuce masa, tamfol ya bi ta kansa. 'Yan kallo suka fashe da dariya suna tafi, don ba abin da suke so irin su ga tamfol ya haɗiye mutum. Sai da Duane ya janyo shi suka ga bakinsa a buɗe yana neman numfashi, sannan filin ya yi tsit. Garrett ya iso da gudu ya durƙusa ya tallafe masa kai, a daidai inda Ashcroft zai gani. Motar asibiti ta shigo ta ƙofar baya.

Lyle bai mutu ba. Ashcroft ya je duba shi, matar Lyle ta fashe da kuka ta zayyana masa duk abin da ya faru a Janairu. Kafin sati ya zagayo an yi wa Lyle ritaya, an ba shi allo mai sunansa da kujeru biyu a layin gaba muddin ransa. Garrett ya samu ofis, amma na riƙon ƙwarya. Ashcroft ya ce masa a gabanmu, "Kaka ɗaya na ba ka. Zan zo huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin kai. In na ga fili cike, wasa ya tafi daidai, kujera taka ce. In ba haka ba, akwai ɗan ƙanwata da ke zaman banza."

Na gaya wa Duane abin da na gani a waya, Duane ya gaya wa kowa. Ashcroft kam ban gaya masa ba, me zan nuna? Hadari ya wuce, taswira ta canza, sai a ce tsohuwa ce ke baƙin ciki. Garrett da kansa ya zo tagata wata safiya ya jingina.

"Noreen, in kina da magana ki faɗe ta."

"Ba ni da ita."

"Madalla. Kin san yanzu injin ma yana sayar da tikiti."

"Na sani. Sai ka koya masa jan tamfol."

Sabon janar manaja ya fara da takalma. Ya ce warinsu na korar masu talla, a kwashe su daga ƙarƙashin tebura a kai ɗakin ajiya. Ya sallami akawunmu ta shekara da shekaru. Ya ɗinka mana riguna iri ɗaya kamar 'yan makaranta. Duk wannan mun haɗiye. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne jan farko na Afrilu. Mun jeru kowa da mariƙinsa muna jiransa a kusurwa, sai muka hango shi a bakin rumfa da laima da oba-oba, cikin baƙin takalmi mai sheƙi.

Duane ya ɗaga murya, "Oga, kusurwarka tana jira!"

"Sa wani. Aikin janar manaja ya sa ido a kan komai, ba wanka da laka ba."

"Lyle ya yi shekara ashirin yana wankan nan."

"Ka kuwa ga inda ya kai shi."

Ban taɓa jin na tsani ɗan Adam kamar lokacin ba. Mutumin da ya ɗauki kusurwar nan ya kayar da ubangidansa da ita, shi ne yau yake ƙyamar taɓa ta.

Ba taro muka yi ba, ba kuma wanda ya ce ga abin da za a yi. A bakin injin kofi Duane ya ce gwiwarsa na damunsa, yana jin ranar huɗu ga Yuli za ta fi tsanani. Na ce ni ma kwanan nan kunnena ba ya jin oba-oba sosai. Sauran kowa ya kawo nasa ciwon. Abin da ya rage sai Allah Ya kawo ruwa. Na kuwa roƙa, har a coci na roƙa, ko kunya ban ji ba.

Huɗu ga Yuli babu masaka tsinke. Tikiti ya ƙare tun tsakiyar mako, an girke motar wasan wuta a bayan katanga, Ashcroft ya zo da jikokinsa. Lyle ma ya zo, karo na farko tun faɗuwarsa. Ya rame, yana dogara sanda, matarsa na riƙe da hannunsa. Tun da rana Garrett ya sa an warware tamfol an ajiye shi a ninke a bakin ciyawa, saura ja kawai. Ana dab da fara wasa sama ta yi baƙi ƙirin daga wajen kogi, iska ta fara kwashe kofuna da huluna. Wannan ba irin na Agusta ba ne, na gaske ne.

"Tamfol!" in ji oba-oba. "Tamfol, kowa da kowa!"

Muna tsaye dukkanmu a bakin hanyar shiga fili, a ƙarƙashin rufi, hannu a harɗe. Ba wanda ya motsa.

"Duane! Kana ina? Noreen! Kuna ji na?"

Duane ya kashe tasa ya sa a aljihu.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Garrett ya fito daga rumfa ya hango mu, ya gane. Ya yi jifa da laima ya ruga ya kama kusurwar da ya ƙi tun Afrilu, ya ja. Tamfol ko gezau. Ya kafa dugadugai ya sake ja, takalmin mai sheƙi ya zame, ya faɗi zaune cikin laka. Dubban mutane suka ɗauki ihu da dariya. Ya tashi ya sake kamawa, yana waiwayenmu yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da Bernice, daidai kuwa ya faɗa. Ashe ya san sunan. Jar ƙasa ta fara ƙyalli da ruwa. Kaɗan ya rage ta zama kunu, wasa ya mutu, kujerar Garrett ta bi shi. Wallahi daɗi nake ji har cikin raina.

Sai Duane ya ce, "Wayyo. Noreen, duba can."

Lyle ne. Ya fizge hannunsa daga na matarsa, ya tura 'yar ƙofar layin gaba, ya shigo fili. Ya yar da sanda. Yana tafe yana tangaɗi cikin ruwa har ya isa wajen Garrett. Na ɗauka kusurwar zai ƙwace, ko ya kwaɗa masa mari. Sai ya sunkuya ya kama mariƙin da ke kusa da ita, wurin mataimaki. Ya juyo wajenmu ya buɗe muryar nan tasa da ba ta taɓa bukatar lasifika ba.

"Me kuke kallo? Ruwa na dukan fili!"

To me za mu yi? Mu tsaya zuciyarsa ta buga a gaban jikokin mutane? Muka kwasa da gudu, wasu da takalman ofis, ni da silifas. Ina isowa na ji yana ce wa Garrett, "Kusurwa taka ce, yaro. Ja!" Duane ya cusa kafaɗarsa tsakanin tsohon da nauyin. Muka ja, ina zagi ina kuka, ban ma san wa nake zagi ba cikin su biyun. Tamfol ya rufe ƙasa. Filin ya ɗauki tafi kamar an ci kofi. Ba a jima ba ruwa ya ɗauke, aka yi wasa, aka harba wasan wuta. Washegari jarida ta buga hotonsu a shafin farko, kafaɗa da kafaɗa, sharkaf. Ashcroft ya tabbatar wa Garrett da kujerarsa kafin ya hau jirgi.

Ni kuwa ana gama jan na bi Lyle ɗakin agajin gaggawa. An lulluɓe shi da bargo, matarsa ta juya masa baya ta ƙi yi masa magana.

Na ce, "Ka san abin da ya yi maka a Agusta?"

"Tun ja na biyu na sani. Shekara nawa ina kallon saman garin nan?"

"Ka sani, ka fito ka cece shi? Saura ƙiris mu rama maka!"

"Wa ya aike ku? In rama mini za ku yi, ku sace masa iskar taya. Fili me ya yi muku?"

"Lyle, mutumin nan ya so ya kashe ka."

Ya kalli takalminsa na zuwa coci da laka ta gama da shi. Can ya ce, "Ni ma na cinye masa shekara goma, Noreen. Miƙo mini kofi."

Ban miƙa ba. Na fita na bugo ƙofa, na daɗe ba na ɗaga wayarsa. Bayan 'yan shekaru ya rasu a gadonsa. Garrett ne ya yi jawabi a coci, ya yi kuka, kuma abin da ya fi ba ni haushi, ina jin kukan gaske ne.

Yau Garrett ya yi furfura, ya ajiye tumbi, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in zai hau bene, hakinsa kuwa ana jinsa daga tagata. Baƙin takalmin nan da laka ta lalata shi ne na tamfol ɗinsa, yana ƙarƙashin teburinsa, ya kuma dawo da na kowa. Ba ya barin kowa ya taɓa kusurwa. A walimar ƙarshen kaka har tebur yake bugawa. Duk Afrilu sai ya tara 'yan koyon aiki ya nuna musu hoton jaridar, ya ba su labarin yadda shi da ubangidansa suka ceci huɗu ga Yuli. Agusta ba ya cikin labarin.

Yana da mataimakiya yanzu, Shawna Petrakis, mai ƙwazo, ta daɗe a matsayin. Bara wata ƙungiya a Texas ta neme ta, ta kai masa maganar. Na ji su ta bangon katako.

"Ina za ki, yarinya? Shekara biyu suka rage mini. Kujerar nan taki ce."

Da ta fito ta tsaya a tagata ta ce, "Noreen, kin daɗe a nan. Kina ganin da gaske yake?"

Na sauke labulen taga, na tura mata kujera, na ce, "Zauna in ba ki labarin wata Lahadi cikin Agusta."

Na ba ta duka, ban rage komai ba. Ba ta tafi Texas ba. Ita ke duba taswirar hadari yanzu, ita ke kiran tamfol.